Turken Mushe Nomau

Duk wanda ya zauna da Mushe Nomau, wato Malam Nomau a bakin ƴan makarantar boko, ya san tambayar nan tasa: "Wa ya auna?" Ka ce masa zafin bana ya fi na bara, ya ɗaga gira ya ce, "Wa ya auna?" Ka ce kifi ya ragu a gulbi, wa ya auna? Ranar sunan ɗiyata Fati, wata tsohuwa ta ɗaga jaririyar ta ce, kai, yarinyar nan da nauyi take! Ina ganin ya buɗe baki na taka masa ƙafa.

Ni ne Saini, mai jirgi a mashigin ƙasan lambuna. Ban yi lakwal ba, wato boko, ko na wuni ɗaya, kuma kun san ba ni da yawan magana. Amma an ce duk wanda ya san shi ya faɗi abin da ya riƙe, kuma babu wanda ya kai ni ɗaukar mutumin nan a kan ruwa. Shekara goma sha ɗaya ina kai shi ina dawo da shi. Shi ke koya wa manyan ɗaliban lise, sakandarenmu ta nan Gaya, darasin ruwa da ƙasa da itace, abin da suke ce wa muhalli. To, ga nawa.

Ranar da na fara ganinsa ina tsaye ina kwashe ruwa daga jirgi. Sai ga wani dogon Bagobiri, zube har kunne, rigarsa a goge, ɗalibai na biye da shi kamar tumaki. A ƙirjinsa ya ɗaure bidon mai, wato jarka, fanko, irin rawayan nan, da robar taya.

Ya ce, "Kai ne mai jirgin?"

Na ce ni ne.

"Bazabarme?"

"Ɗan Dandi."

"Duk ɗaya, a wasan Gobirawa da Zabarmawa bawana ne kai. Jirgin nan mutum nawa yake ɗauka?"

"Ashirin."

"Wa ya auna?"

Na ce, "Na taɓa ɗaukar ashirin da biyar. Da iyo muka ƙarasa."

Ya gyara ɗaurin bidonsa. Ya ce, "To, wannan awo ne. Na yarda."

Jama'a, malamin da ke koyar da gulbi, tsoron ruwa yake kamar akuya! A garinsu can Gobir, ruwan da ya sani na cikin guga ne. Da muka tashi bai zauna kan katako ba, a ƙasan jirgi ya zauna, ya rungume bido, ya runtse ido gam. Amma bakin nan bai rufe ba. Yana ta bayani, yadda ruwa ke cin gaɓa, yadda yashi ke cika gulbi, ɗalibai na rubutawa a kaye, littafinsu na rubutu, suna danne dariya. Can ya miƙa hannu, ido a rufe, ya ce, "Ku dubi gaɓarmu ta Nijar, ku ga yadda ta zaizaye!"

Wata ɗaliba ta ce, "Mushe, Benin kake nunawa."

Ya ce, "Ita ma ku dube ta. Gulbi bai san ƴan duwan masu tsaron iyaka ba."

Da muka sauka ya durƙusa ya dafa ƙasa da hannu biyu. Na ce, "Bagobiri, tunda tsoro kake, me ya hana ka zana musu a allo ku huta?" Ya ce, "Gulbin da ke kan allo ba ya cin gaɓar kowa, bawana. Ka zo mana ran Laraba." Tun daga nan kowace Laraba nasa nake. Kuma har ya bar duniya bai taɓa buɗe ido a tsakiyar ruwa ba.

Maganar tsimi kuwa, kada a fara. Buta ɗaya yake alwala da ita, kuma ba ya yi sai a gindin ɗan icen da ya dasa. In ka ga dogon darbejiya a bayan ajinsa, alwalarsa ce ta rene shi. Bai taɓa yarda an sayi kayan gwaji ba. Kwalaben da aka yar, gwangwanin tumatir, tsohon gidan sauro, yagaggen zanen matarsa Madam Rabi, da su yake aiki. Ta taɓa cewa da ni, "Malam Saini, in ka ga rariyata a lise ka ce ta gaida gida." Leda kuwa, in ya gan ta a ƙasa sai ya tsince ta ko da a tsakiyar jana'iza ne. Aljihunsa kullum ƙara yake kamar ɓera ya shiga buhu.

Akwai shekarar da sufeton makarantu ya zo daga Doso ba sanarwa. Lokacin sanyi ne, baƙin ruwa ya iso. Ya shiga aji ya tarar ba kowa, an rubuta a allo, wai muna gulbi. Mutumin ya hau kabu-kabu ya biyo mu har mashigi, da kwat da takalmi mai ƙyalli. Abin da ya tarar shi ne ni, tsaye da gajeren wando, ɗalibai sun kewaye ni, Mushe na zaune a busasshen wuri yana gyaɗa kai. Ya sa ni dole in gaya musu bambancin ruwan nan biyu: jan ruwa na damina, mai laka, wanda ke zuwa da fushi cikin kwana biyu, da baƙin ruwa mai zuwa daga nesa a hankali bayan an gama girbi. Abin da kowane ɗan sarkawa ya sani tun yana rarrafe.

Sufeto ya ce, "Wane ne wannan?"

Mushe ya miƙe ya ce, "Furofesa Saini, ranka ya daɗe."

"Wace takarda gare shi?"

"Ko ta haihuwa ban tabbata ba. Amma ranka ya daɗe, me ya sa gulbi yake cika a watan da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama?"

Sufeto ya ce ba shi aka zo yi wa tambaya ba. Ya tako gaba don ya karɓi kayen wata yarinya ya duba, sai ƙafarsa ta dama ta nutse cikin laka har gwiwa. Ya fizgo ta, ta fito ba takalmi. Ɗalibai suka ruga za su ciro masa. Sai Mushe ya daka tsawa: "Ku tsaya! Kada wanda ya taɓa! Ku kawo sanda, ku auna zurfin!"

Wallahi haka bawan Allah ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar balbela, yana dafe da kafaɗata, har suka auna suka rubuta. Mushe yana cewa, "Kun gani? Wannan duk ƙasar gonakin mutane ce ruwa ya kwaso. Ku gode wa sufeto." Suka haɗa baki suka gode masa. An ce a takardar da ya rubuta can Doso ya yabi darasin. Takalmin dai bai sake ƙyalli ba.

Yanzu in zo kan nawa, wanda ya sa na yarda in yi magana.

Gidana a bakin gaɓa yake, inda ubana ya zauna. Tsofaffinku sun tuna babbar ambaliyar nan da ta kwashe unguwarmu. A cikinta na rasa gidan farko, na rasa wana Hamani, ya koma ciro buhun gero bango ya rufta masa. Da ruwa ya janye na sake gini a wurin. Aka ce in tashi, na ce ba inda za ni. Tsohuwarmu, Inna, idonta ya tafi, ƙafa ta tafi, tana ɗakin baya mai kallon gulbi, don ta ce in ba ta jin ƙarar ruwa barci ba ya ɗaukarta.

Wata Laraba Mushe ya tsaya a bayan ɗakin nan yana kallon ƙasa. Ya ce, "Ina itatuwan da ke nan?"

Na ce, "Mun banda kifi da su."

Ya ce, "Madalla. Ka cire wa gaɓa haƙora, yanzu gulbi zai sha ta kamar kunu. Tsakanin bangon nan da ruwa taki nawa ne?"

"Da yawa."

"Wa ya auna?"

Laraba ta gaba sai ga aji guda, sun ɗauko gungumen giginya a kan amalanke. Suka haƙa rami a ƙasan gaɓa, gefen da nake ɗaure jirgi, suka kafa shi ya tsaya kamar turken doki. Sannan suka fito da wani dogon tiyo fari mai nuna ciki, na magina ne ya aro, suka cika shi da ruwa. Wai in an ɗaga bakinsa biyu, ruwan ciki zai tsaya daidai da juna komai nisa, da haka za su san tsayin dokin ƙofata a jikin turken. Suka ja tiyon nan daga bakin gulbi, ta kan danga, ta tsakar gida, ta gefen murhu. Matata Hadiza tana tuƙa tuwo, tiyo ya ratsa tsakanin ƙafafunta.

Ta ce, "Baban Fati, ka fitar mini da mahaukatan nan ko in sa muciya!"

Mushe daga bakin ƙofa ya ce, "Madam, kada ki motsa, kin zama kayan aiki."

Da suka gama ya ce in ba shi ƙusa ɗaya, irin ta jirgi, zai rataya jakarsa kada ta jiƙe. Na ba shi. Ya zagaya bayan turken, gefen ruwa, ya buga ta ya rataya jakar. Da za su tafi na ce ƙusata fa? Ya ce gobe. Na san ta tafi ke nan, don abin da ya shiga hannun Bagobirin nan ba ya dawowa.

A gaban turken ya shafa fenti layi uku, fari a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a sama. Ya kira ni. Ya ce, "Tunda ka ƙi lakwal, ga littafinka, layi uku ne kawai. Fari, ka sha shayinka. Rawaya, ka ɗaure kaya. Ja, ka ɗauki tsohuwa ka hau tudu. Na sa jan ƙasa da dokin ƙofarka, don ka samu lokacin gudu." Ya raba wa ɗalibai kwanaki, kowace safiya biyu su zo su duba inda ruwa ya kai su rubuta, har cikin bakans, lokacin da lakwal ke rufe.

Daminar farko jan ruwa ya zo, ya wuce fari, ya wuce rawaya, ya lashi ja. Kafin hantsi sai ga Mushe da bidonsa a ƙirji, a kan busasshiyar ƙasa fa, da ɗalibai da amalanke uku. Ban gama cewa a'a ba sun kwashe gado, tukwane, kaji, har Inna. Suka zuba mu cikin wani aji a lise. Kwana huɗu muka yi muna kwana ƙarƙashin allo. Ruwa kuwa ya tsaya nan, ya yi kwana biyu, ya koma abinsa. Ko dokin ƙofata bai jiƙa ba.

Kai, na sha dariya! Duk mashigi ba wanda bai yi da ni ba. Maƙwabcina Garba in ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Ku ba shi hanya, ga basarken da Bagobiri ya kora daga ruwa!" Yara suka riƙa tambayata ko na ci jarrabawa. Ni da aka haifa cikin jirgi. Na je na sami Mushe, na ce ka kunyata ni. Ya ce, "Ka ƙirga mutanen gidanka, sun cika?" Na ce sun cika. Ya ce, "To je ka ji kunyarka da su."

Na ƙulla abin a raina. Da rani ya yi, ruwa ya ja baya, wata Juma'a da mutane suka watse bayan masallaci kowa ya shige inuwa, na ɗauki wuƙa da ragowar fentin jirgi. Na kankare jan nan tas, na shafa laka a wurin, na sake zana shi sama da taƙi ɗaya da rabi. Na ga ƙusata a baya, ta yi tsatsa, na ce bari in bar masa maratayinsa kada ya gane an taɓa wurin.

Ran Laraba ya zo. Ya tsaya gaban turken ya daɗe. Ya dube shi, ya dube ni, ya sake dubansa.

Ya ce, "Bawana, kamar jan nan ya hau sama."

Na ce, "Giginya ce. Girma take."

"Giginyar da aka sare?"

Na dube shi ido cikin ido na ce, "Wa ya auna?"

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, har tari ya sarƙe shi, ɗalibai na bubbuga masa baya. Ya share hawaye ya ce, "Yau bawa ya kayar da ubangijinsa." Bai sake tada maganar ba. Ni kuwa na yi ta yawo ina jin na ci Gobir da yaƙi. Damina biyu suka wuce ruwa bai kai ko rawaya ba, na ma manta.

Sai bazarar bara ciwo ya kama shi. Bai yi sati biyu ba. Na je gaishe shi a gida, ya rame, zuben nan ya fito raɗau. Ya kama hannuna ya ce, "Alhamdu lillahi, bawana. Shekara goma sha ɗaya kana neman ka nutsar da ni, ga shi a busasshiyar katifa zan tafi." Na ce, "Tashi dai, Laraba ta kusa." Ya ce wa Madam Rabi ta ɗauko bidon ta ba ni. Wai gadona ke nan. Na ce me zan yi da shi, ni da na iya ruwa? Ya ce, "Hamani ma ya iya."

Na ɗauki bidon na fita. Kwana uku bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Daminar da ta biyo baya kun san ta, ba sai na faɗa ba. Sama ta buɗe kwana da kwanaki. Gulbi ya yi ja kamar an yanka shanu a cikinsa, yana tafe da kainuwa da kututture da gawar tumaki. Kowace safiya ina ganin ɗalibai biyu suna zuwa wurin turken, ga bakans, ga malaminsu a ƙasa, ba mai tilasta musu. Na ce a raina, za su gaji.

Wata Talata da hantsi ina zaune ina ɗinkin taru. Na leƙa turken, ruwa ya wuce rawaya, amma tsakaninsa da ja akwai fiye da taƙi. Na ce da saura. Sai na ji ƙarar amalanke. Na ɗaga kai, ga su nan sun fi ashirin, maza da mata, duk sun jiƙe. A gabansu Ramatu, ɗiyar wani direban kamyo, babbar motar kaya, wadda ke shirin bak, jarrabawar gama lise, ita ce ke riƙe da babban kayen awo tun da Mushe ya kwanta.

Ta ce, "Baba Saini, ina kwana. Ruwa ya taɓa."

Na ce, "Bai taɓa ba. Ga ja can a bushe, ko idonki ya samu matsala?"

Ta ce, "Ba wancan ba, Baba. Shiga ka sa hannu ta bayan turken."

Na ce yarinyar nan ta raina ni. Amma na shiga, ruwa har ƙirji, yana ja kamar zai tafi da ƙafafuna. Na zagaya hannu ta baya ina lalube. Sai na ji ta. Ƙusata. Ruwa ya rufe ta da yatsa biyu.

Na fito na tsaya. Ramatu ta buɗe kayen a cikin leda, ta ce Mushe ya ce in ranar ta zo a karanta mini da Hausa, yadda ya rubuta. Ta karanta:

"Bazabarmen nan zai ɗaga jan. Ku ƙyale shi, kada ku nuna kun gani, mutum ne mai son girma. Ku dai ku bi ƙusa. Ranar da ruwa ya rufe ta ku je da amalanke, ku fara da tsohuwa. In ya yi gardama ku ce masa Bagobiri na gaishe shi."

Na ce, "Yaushe ya rubuta wannan? Bayan ya ga na taɓa fentin?"

Ta juyo mini kayen, kamar zan iya karantawa. Ta ce, "Shafin farko ne, Baba. Ranar da aka kafa turken."

La'ilaha illallahu! Tun ban yi tunanin abin ba mutumin nan ya riga ya auna ni. Duk dariyar nan da ya yi har da tari, ashe ni yake yi wa. Kuma da ƙusata!

Ban yi gardama ba. Na ce su shiga. Wadda ta yi gardama Inna ce. Ta riƙe ƙafar gado ta ce wancan karon ma wahalar banza aka ba ta, ba inda za ta.

Ramatu ta durƙusa ta ce, "Kaka, Mushe ne ya ce."

Inna ta ce, "Wane Mushe? Bagobirin nan ba ya mutu ba?"

"Ya rasu, Kaka. Amma ya bar saƙo."

Inna ta yi tsaki ta saki gadon. Ta ce, "Ku ɗauke ni. Wannan ko yana kabari ba zai bar mutum ya huta ba."

Da gadon da ita suka ɗora a amalanke, suka rufa mata tabarma. Hadiza ta kwashi yara da tukwane. Ni na bi gida gida ina buga ƙofa. Garba ya leƙo ya ce, "Yau ma lakwal za a koma?" Na ce, "Ka fito da iyalinka, in ruwa bai zo ba ka yi mini dariya har shekara." Ya dubi fuskata, ya shiga kiran matansa. Kafin azahar layinmu ba kowa.

Da la'asar na dawo ni da Garba da Ramatu da wasu ɗalibai, muka tsaya kan tudu muna kallo. Ruwa bai ma shiga ƙofata ba. Ta ƙasa ya ci. Muna tsaye sai gaɓar bayan gida ta tsage kamar an yanka ta da wuƙa, ta zame a hankali, ɗakin Inna ya bi ta. Ƙara ɗaya, ƙura ta tashi, ruwa ya haɗiye. Inda gadonta yake da safe, kainuwa ce ke juyawa.

Na waiwaya na dubi turken. Yana tsaye. Jan da na shafa da hannuna a bushe yake, saura yatsa uku.

Na zauna a laka. Ban yi kuka ranar Hamani ba, ban yi ranar Mushe ba. Ranar nan ma ban yi ba, ruwan sama ne, kowa ya gani. Garba ya dafa ni ya ce, "Saini, ƙirga mutanenka." Na ce sun cika. Nasa ma sun cika. Ɗakuna biyar suka tafi a layinmu, ba a rasa rai ko ɗaya ba, sai wata kazar Hadiza da ta ƙi kamuwa. Har yau in ta tuna sai ta ce da Mushe na nan da ya rubuta yadda za a kama ta.

Da na koma lise na tarar da Inna zaune kan gadonta ƙarƙashin allo tana cin muruci. Na gaya mata ɗakinta ya tafi. Ta tauna, ta haɗiye. Ta ce, "To. A kai wa matarsa kifi."

Yanzu muna kan tudu, bayan makarantar. Inna ta yi wata guda tana mitar ba ta jin ruwa, daga baya ta saba. Da gulbi ya ja baya na ɗauki wuƙa da fenti na koma wurin turken, da rana tsaka, a gaban kowa. Na kankare nawa na mayar da ja daidai kan ƙusa. Ɗalibai sun dasa jema da ƴan itatuwa layi layi a gaɓar da ta rage, ni ke korar awaki. An kawo sabuwar malama, ita ta iya ruwa, tana ma buɗe ido. Ran Laraba har yanzu nasu nake. Bidon yana gaban jirgi, duk ɗalibin da na ga yana rawar jiki sai in miƙa masa in ce rungume, wanda ya fi ka tsoro ya riƙe shi, kuma ya fi mu duka sanin gulbin nan.

Abin da na riƙe ke nan.

Allah ya jiƙan Nomau, bawana, ubangijina na wasa. Allah ya sa kabarinsa busasshe ne mai sanyi, kada ɗigo ya taɓa shi sai na rahama. Duk icen da alwalarsa ta rena, da duk ran da ya fita daga layinmu da ƙafarsa ranar Talatar nan, Allah ya ɗora masa a mizani. In an zo awon kuma ya buɗe baki zai yi tambayar nan tasa, ya Ubangiji, a yi masa haƙuri. Ba ni kusa balle in taka masa ƙafa.